An Auna Addu'ata da Buhunan Wake

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Maradi, na ba hamsin baya, kuma na daɗe ina riƙe da jakar kuɗin ikkilisiyarmu kafin in ajiye ta. A wurin sujada, in aka ce mai shaida ya fito, yawanci abin da ake ji shi ne, da ba ni da shi, yanzu na samu. Tawa shaidar ba ta bi wannan hanya ba. Na samu, na rasa, kuma a duka biyun aljihuna 'yan'uwa suka duba suka yanke hukunci a kan abin da ke tsakanina da Allah. Da nake da shi aka ce Ruhu yana kaina. Da ya tafi aka ce Ruhu ya bar ni. Ni da abin ya faru a kaina na san ba haka ba ne, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Mahaifina mutumin karkara ne daga yammacin Tsibiri. Kuturta ta kama shi yana saurayi, aka ware masa ƙwaryar shan fura, aka fasa ba shi yarinyar da yake nema. Daga nan ya ji labarin asibitin Danja, kudu da Maradi a kan hanyar Najeriya, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a shekarun 1950, ita da ta fara aiki a ƙasar nan tun 1924 a Damagaram. A can ya sha magani shekara da shekaru, ya koyi karatun boko, ya ba da gaskiya, ya auri mahaifiyata wadda ita ma jinya ce ta kai ta. Cutar ta mutu, amma ta tafi da yatsunsa.

Baikonsa na ranar Lahadi dala ɗaya ce, wato sefa biyar, wani lokaci biyu. Ba ya iya tsince ta daga kan tabarma, sai ni in ɗauka in sa masa tsakanin dungun hannayensa, ya matse ta haka har mu isa majami'a. In kwanon baiko ya zo gabansa sai ya buɗe, ta faɗa. Na taɓa ce masa ya bari in jefa masa, ya ce, “A'a ɗana, hannun da aka warkar shi zai bayar.” Wannan mutumin da ba shi da ko jaki, shi ake buga wa ƙofa tsakar dare. Mace ta zo da yaro jikinsa zafi rau, Kirista ko Musulma, ya ɗora dungunsa a kan yaron ya yi addu'a gajeruwa, sannan ya ce, “Gari na wayewa ki kai shi asibiti.” In aka kawo masa kaza don godiya sai ya ce a mayar a yi wa majinyacin romo. Wasu sun warke, wasu sun rasu, bai taɓa ɗora wa uwa laifin rashin bangaskiya ba.

Ba zan ce kuɗi abin banza ba ne, domin kuɗi ne suka raya ni. Yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyaka da gwamnatin Janar Buhari ta yi, ta same ni ina ɗan saurayi, rumbunmu ya ƙare tun sanyi bai wuce ba. Hatsin da ya riƙe mu, masu bi na wasu ƙasashe ne suka tara kuɗinsa. A bakin aiki ake ba da shi: ka bar tohon kututturan itatuwa a gonarka, ka rage rassa ka bar masu ƙarfi su girma, dabarar da Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗan Ostiraliya, ya yaɗa a ƙauyukan Maradi. Ba wanda ya ce mu fara sa wani abu a hannunsa kafin ya auna mana.

Bayan yunwar, Baba ya kai ni birni ya danƙa ni hannun wani Alhaji mai sayen wake da gujiya. A wurinsa na koyi yadda ake cika tiya, yadda ake ciza ƙwayar wake a gane ko ta bushe, yadda ake bin kasuwannin ƙauye da kaka a tara a mangaza har farashi ya tashi da damina, sannan a loda a bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina zuwa Dawanau a Kano. Musulmi ne mai riƙon addini, ya san ni Kirista ne, bai taɓa aike na ranar Lahadi da safe ba.

Wanda bai zauna Maradi ba ba zai gane nauyin dukiya a garin nan ba. Gari ne na Alhazai. Mutum ya fara da talla ko dako, ya yi jari, ya je Makka, ya gina masallaci a ƙofar gidansa, da safe mutane su cika zaurensa, kowa ya ce Allah ya yarda da shi. Mu kuwa masu bi, da ba mu kai ko kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, da yawanmu 'ya'yan majinyata ne da marayu da manoman ƙauye. Iyayenmu sun rene mu da wadar zuci, koyarwa mai kyau, amma wasu suka ɗauka mai bi na gaske ba ya shiga kasuwa. In an tashi yi mana gori, cewa ake addinin kutare da mabarata, kuma gorin nan ya ci mana rai fiye da yadda muke faɗa. Muna ƙishin mu ma mu ga namu mai mota, wanda in ya je gaban hukuma za a ba shi kujera. Don haka da aka zo mana da wa'azin cewa ɗan Sarkin sarakuna bai kamata ya zauna cikin tsumma ba, ba kwaɗayi kaɗai ya buɗe mana kunne ba. Akwai tsohon miki a wurin.

Buɗina ya zo ta hanyar da kowa zai iya bin sawunta. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100. Masu albashi suka shiga uku, magani da kayan waje suka yi tsada, amma kasuwa ta buɗe wa mai fitar da kaya zuwa Najeriya, domin wakenmu da dabbobinmu sun yi wa masu naira araha. Daidai lokacin Alhaji ya yaye ni ya ba ni jari. Na yi ta juyawa, daga wake na shiga aya da riɗi. Na gode wa Allah, har yau ina gode masa, shi ke ba da lafiya da zarafi. Amma a wannan shekara Alhazan da ba su taɓa taka majami'a ba sun ci ribar da ta ninka tawa, malamin makarantar da ke zama kusa da ni a benci kuwa, wanda ya fi ni addu'a nesa ba kusa ba, albashinsa ya daina kai shi tsakiyar wata.

A hankali aka fara ajiye mini kujerar roba a gaba, kusa da dattawa. Aka ba ni ma'aji. Aka fara cewa in rufe taro da addu'a. Mata suka riƙa kawo mini jarirai in ɗora musu hannu, samari masu neman aiki su ce, “Baba, taɓa mini takardun nan, hannunka akwai albarka.” Addu'ata kuwa ita ce dai gajeruwar da na koya a gida. Abin da ya canza, da mota nake zuwa. Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Na tsani karin maganar nan tun ina yaro saboda Baba, sai ga shi ta cika a kaina, a cikin gidan Allah.

Akwai kuma dalilin da ya sa ikkilisiya ta ƙara jingina ga irinmu. A watan Nuwamba 2000 tarzomar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta iso Maradi, aka kai wa wuraren Kirista hari, aka sa wuta. Daga nan kowace majami'a ta ga dole ta yi katanga, ta sa ƙofar ƙarfe, ta ɗauki mai gadi, ƙone-ƙonen majami'un Damagaram da Yamai na Janairu 2015 kuma suka ƙara tsoron. Katanga siminti take ci, baikon dala-dala ba ya yin ta. Fasto mai tsoron Allah ma, in ya san mutum uku ne ke riƙe da rufin majami'arsa, sai bakinsa ya yi nauyi a kansu. Duk ranar da aka karanta Yakubu babi na 2, inda ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau su bar matalauci a tsaye, sai jikina ya yi sanyi, domin ni ne a kan kujerar.

Koyarwar shuka iri ba rana ɗaya ta shigo ba. Bayan Taron Ƙasa na 1991 aka sami 'yancin kafa ƙungiyoyi, sababbin ikkilisiyoyi suka yi ta buɗewa, kaset-kaset suka riƙa shigowa daga Najeriya tare da kayan fatake, daga baya talabijin ya kawo masu wa'azin Legas da Amurka har cikin ɗakunanmu. Ba duka ne abin zargi ba. Sun koya mana addu'a da zafi, kuma ni shaida ne akwai waɗanda suka bar giya suka kama sana'a ta dalilinsu. Amma tare da wannan aka shigo da cewa kuɗin da ka sa a hannun bawan Allah iri ne, kuma girman irin shi ne girman amsar. Ana jawo Malakai 3:10 da Luka 6:38, ana tsallake abin da Bitrus ya gaya wa Siman a Ayyukan Manzanni 8, sa'ad da ya miƙa kuɗi don a ba shi ikon ɗora hannu: kuɗinka su hallaka tare da kai, tun da ka zaci baiwar Allah abin saye ce.

Na gani da idona a wani taron farkawa da muka gayyato baƙo daga ƙetaren iyaka. Dare na ƙarshe ya ce a tsai da kiɗa. Ya ce Ruhu ya nuna masa mutum biyar da za su shuka jikka ɗari-ɗari, wato sefa dubu ɗari kowane, su fito. Suka fito, ya zuba musu mai a ka, ya daɗe a kan kowane yana kira masa motoci da gidaje. Sai masu jikka hamsin, tasu addu'ar ta fi guntu. Masu jikka goma aka jera su, ya bi yana shafa goshi yana wucewa. Sauran jama'a, waɗanda suka fi yawa, aka ce su ɗaga hannu daga inda suke. Ni ke riƙe da tasar, don haka kowa sai ya zo gabana.

A layin jikka goma na ga wata gwauruwa 'yar zumuntar mata, mai tuyar ƙosai a bakin titin unguwarmu, wadda duk muke kira Inna. Ɗan autanta na fama da ciwon sikila. Na san ba ta da jikka goma. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗin a nannaɗe, na gane jar akuyarta ce ta tafi, wadda take tatsa yaron ya sha. Na rage murya na ce, “Inna, wannan ba kuɗin asibiti ba ne?” Ta ce, “Ɗana, an ce in na shuka ba sauran asibiti.”

Washegari na sami Baba Fasto da dattawa na ce bai halatta mu riƙe kuɗin nan ba. Aka ce rabin abin da aka tara baƙo ya riga ya tafi da shi bisa yarjejeniya, sauran kuma an ba Allah, ba a karɓowa. Na saya mata wata akuyar, amma ba akuyar ce babbar asarar ba. Da ciwon yaron ya tashi cikin hunturu ta jinkirta kai shi asibiti tana jiran amsar irinta, wasu na gaya mata cewa zuwa wurin likita alamar shakka ce. Allah ya sa ya rayu bayan an ƙara masa jini. Amma matar nan ta yi watanni tana zargin kanta, tana cewa da ta kai jikka hamsin da an ji ta. Mace ce da ke durƙusawa tun kafin asuba, kafin ta hura wuta. Aka sa ta ɗauka cewa Allah sayar da jinƙansa yake, ita kuma kuɗinta bai kai ba.

Tawa ta zo a 2019. Na tara wake mai yawa tun kakar da ta wuce, rabinsa da kuɗin mutane, ina jiran tsadar damina. A watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Motoci suka tsaya mini a Ɗan Isa da kaya. Waken da ke cikin buhu mai leda biyu ya jure, na buhun gargajiya ƙwari suka mai da shi gari. Hanyar daji kuma ba ta biyuwa gare ni, ga 'yan bindiga sun addabi yankin Madarumfa da Gidan Rumji. Kuɗin da nake bi a Kano naira ce, kafin su zo hannuna sun zube. Na fara ɗagowa ke nan sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jawo takunkumi, aka sake rufe iyaka. Ba ni kaɗai ba ne, Alhazan da suka fi ni ƙarfi sun durƙusa a wannan tsakani, duk kasuwa ta sani.

A ikkilisiya kuwa ba iyaka aka ɗora wa ba. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya zage ni. An dai daina kiran sunana in rufe taro, masu kawo jarirai suka koma wurin wani ɗan'uwa mai kwangila. Wata rana matata ta dawo daga zumunta idonta jawur, ta ce, “Maigida, wai cewa ake ka ci zakka, shi ya sa Allah ya hure dukiyarka.” Ni da ake bincikar littafina kowace shekara, dala ba ta taɓa ɓata ba. Na mai da littafin da makullin akwati don kada zargi ya taɓa aikin Allah. Abin da ya fi ƙona mini rai, da dare sai tambayar ta riƙa ci na ni ma: ko dai gaskiya ne? Koyarwar da ka daɗe kana ji takan shiga jini ko ba ka yarda da ita ba.

Ana cikin haka wani matashin mai wa'azi ya zo gidana. Na san shi tun yana makarantar Lahadi. Ya tsuguna ya gaishe ni da ladabi, ya ce, “Baba, an nuna mini abin da ke damunka. La'ana ce ta gado. Kuturtar da ta kama Kaka ba ciwo ba ce kawai, alama ce, ita ke bin dukiyarka. Sai an karya ta da hadaya mai zafi.” Na ce wace iri? Ya dubi motar da ta rage a tsakar gida.

Baƙin ciki ya rufe ni. Na shiga ɗaki na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Baba, wanda gefen takardunsa ya yi baƙi ya lanƙwashe, saboda da dungun hannu da leɓe yake buɗe shi. Na ce, “Ɗana, buɗe Sarakuna na biyu, babi na 5, ka karanta mini da ƙarfi.” Mu 'ya'yan Danja mun haddace babin nan tun kafin mu iya ɗaura wando. Na'aman, shugaban yaƙin Suriya, ya taho da azurfa talanti 10, da zinariya shekel 6,000, da riguna 10 na ado, yana neman warkewa. Elisha bai ko fito ya gan shi ba, ya aika a ce masa ya yi wanka sau 7 a Urdun. Da ya warke ya dawo ya roƙi annabin ya karɓi kyauta, Elisha ya rantse ba zai karɓa ba. Gehazi baransa ne ya bi karusar a guje, ya yi ƙarya ya karɓo azurfa talanti 2 da riguna 2, ya ɓoye a gida. Yaron ya karanta har aya ta ƙarshe, inda aka ce kuturtar Na'aman za ta manne wa Gehazi da zuriyarsa.

Na ce masa, “A babin nan mutum ɗaya ne kuturta ta zame wa la'anar gado, kuma ba majinyacin ba ne. Wanda ya sa wa alherin Allah kuɗi ne. Kakan da kake magana, ƙwayar cuta ce ta kama shi, magani ya kashe ta. Ya rasu bai mallaki ko keke ba, amma unguwa guda ta yi kukansa, Kirista da Musulmi. Ba zan sayar da sunansa in sayi arziki ba.” Bai ce uffan ba, ya sha ruwa ya tafi. Ban riƙe shi a zuciya ba. Abin da aka koya masa ya faɗa, kuma na san gidan haya yake da ƙananan yara, ba albashi.

Wadda ta zo ta yi mini addu'a ba ta dubi tsakar gida ba Inna ce. Ta tsufa ta bar tuya, autan nata ya zama tela, shi ke riƙe da ita. Ta zo da tiya biyu na hatsi a ƙullin zane, ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma kusa da matata. Ba ta ce dukiya za ta dawo ba. Ta roƙi Allah ya ba ni barci, ya tsare bakina daga ƙarya a gaban masu bina bashi, ya hana ɗaci shiga tsakanina da iyalina. Ta ce, “Ya Uba, ka san ɗan nan tun ba shi da komai, ba yau ka fara saninsa ba.” A nan na fashe da kuka, ni da ban yi hawaye ba ko ranar da aka buɗe mangaza aka tarar wake ya zama gari.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin shaidata. Abokai sun daɗe suna ba ni shawara in mai da gida da mota da sunan matata in ce ba ni da komai, da yawa sun yi haka sun tsira da dukiyarsu, kuma tsoro ya kusa kai ni can. Cikin makon nan na sami ƙarfin da na san ba nawa ba ne. Na bi masu bina ɗaya bayan ɗaya da takarda, na faɗi abin da ya rage, na sayar da motar da babban gidan na raba. Bai kai ba. Babban mai bina ɗan Alhajin da ya rene ni ne. Da na shimfiɗa masa lissafin ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, “Yaya, Baba ya sha gaya mana kai ba ka cin amana. Je ka, in Allah ya hore ka kawo, in bai hore ba na yafe.” Har yanzu ina kai masa kaɗan-kaɗan kowace kaka. Mun koma ƙaramin gida a bayan gari, ina auna hatsi da wake a rumfa ɗaya, ina barci har gari ya waye. Ikon Ruhu da na gani ke nan a jikina: ya sa na faɗi gaskiya a ranar da ƙarya ta fi riba, kuma ta bakin mai tuyar ƙosai ya zo.

Kada wani ya ji wannan ya ce to, a bar fasto da yunwa. Na riƙe littafi, na san halin masu bishararmu na ƙauyuka wajen Dakoro da Mayahi, wani wata ya wuce ba a aika masa komai ba, sai abin da gonarsa ta ba shi. Bulus da kansa ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Yunwar masu hidima ce ƙofar da cinikin nan ke shigowa. Mutumin da ɗansa ke kwance ba kuɗin magani, in aka nuna masa kwalbar mai za ta kawo jikka hamsin a dare ɗaya, sai wanda Allah ya riƙe. Masu hali a cikinmu su bayar, su bayar da yawa, ana bukatarsu. Roƙona kada a auna tsawon addu'ar da za a yi wa mutum da abin da ya sa a tasa.

Bara aka mai da ni cikin dattawa, ba don na farfaɗo ba. Abu biyu muka kawo gaban majalisa, ni da malamin makarantar nan da yanzu ya yi ritaya. Na farko, a daina kiran sunan mai bayarwa da adadinsa daga bagade. Wannan ya wuce, ko da yake wasu masu hali sun janye hannu tun daga lokacin, baikon gini ya ja baya sosai, ajin yara har yau ba rufi. Na biyu, duk baƙon mai wa'azi a yanka masa kuɗin mota da na hidima tun kafin ya zo, daga akwatin ikkilisiya, ba rabon tasa, ba kiran layi da farashi. Wannan har yanzu ana ja. Matasa na cewa in muka yi haka manyan bayin Allah ba za su zo ba, jama'a za su koma inda ake yi. Wataƙila wasu su koma. An ɗage maganar zuwa zaman bayan godiyar kaka, kuma na roƙi sabon ma'aji ya zo da tsofaffin littattafan lissafi, a karanta wa majalisa nawa tarurrukan nan suka tara, nawa ya tafi da baƙi, nawa ya isa ga marasa lafiya da masu bisharar ƙauye.